MATUƘIN JIRGIN BOM DA YA KOMA JINYAR MARASA LAFIYA

Jama'a, kowa ya ji labarin yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila. An fara shi a 1939, ya ƙare a 1945. Sojojin Afirka da yawa sun tafi wannan yaƙi, har da ɗiyan Nijar, sun yi faɗa a ƙasa da bindiga a hannu. Amma akwai wani faɗan da aka yi a sama, cikin dare, wanda ba a cika ba da labarinsa a karkara ba. Shi ne faɗan jiragen bom.

Ga labarin samarin da suka shiga waɗannan jirage, da na mutum ɗaya daga cikinsu, wani Bature ɗan Ingila. Sunansa Leonard Cheshire, ana faɗinsa Cesha. Ya tafi kai hari sau 100, ya dawo da ransa. Ya yi shekara 4 yana zuba wuta bisa garuruwa, sa'annan ya yi shekara 44 yana jinyar marasa lafiya da naƙasassu. Mutum ɗaya ne ya yi ayyukan nan biyu. Ya kamata a duba yadda haka ta kasance.

MUTUM 7 CIKIN JIRGI ƊAYA

Babban jirgin bom na Ingila sunansa Lancaster. Yana da inji 4. Yakan ɗauki bom mai nauyin tan 6, wato nauyin buhun hatsi 60 masu kilo ɗari-ɗari. In an cika shi da mai, yakan sha kusan ganga 50, kowace ganga lita 200. Mutum 7 ke cikinsa, kowa da aikinsa, kamar ayarin fatake.

Matuƙi shi ne madugu. Kome ƙanƙantar muƙaminsa, in jirgi ya tashi maganarsa ce magana. Kusa da shi akwai makaniki, mai lura da inji da mai. Bayansu akwai jagaba, zaune bayan labule da ƴar fitila da taswira, yana lissafin hanya da agogo da ƙarfin iska, wani lokaci da taurari, kamar yadda masu ratsa Tenere ke yi. Sai mai rediyo. Sai mai sakin bom, wanda ke kwanciya rubda ciki a hancin jirgi, yana duban ƙasa ta gilashi. Na ƙarshe su ne ƴan bindiga 2, ɗaya a gadon bayan jirgi, ɗaya can a wutsiya. Na wutsiya ya fi kowa shan wuya. Shi kaɗai yake cikin ɗan keji, ya ba sauran baya, ba ya ganin fuskar kowa tun tashi har sauka.

Ba a tilasta ma kowa wannan aiki ba, da kansu suka rubuta suna. Yawancinsu samari ne ƴan shekara 20 da ƴan kai. Wanda ya kai shekara 30, kaka suke ce masa. A makarantar horo, akan tara su duka cikin babbar rumfar jirage, matuƙa da jagabai da ƴan bindiga, a ce su zaɓi juna da kansu. Mutum ya dubi fuskar wanda bai taɓa gani ba, su yi ƴar hira, shi ke nan sun zama abokan tafiya. Daga ranar, kuskuren ɗaya mutuwar 7 ne. In jagaba ya ɓata lissafi, ko ɗan bindiga ya yi gyangyaɗi, ba shi kaɗai zai biya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma ba ƴan Ingila kaɗai ba ne. Akwai ƴan Kanada da yawa, da ƴan Ostareliya, da Niyu Zilan, da Folan, da Faransa. Har da baƙar fata na Afirka ta Yamma. Johnny Smythe, ɗan Saliyo, jagaba ne. An harbo jirginsu bisa Jamus a watan Nuwamba na 1943, ya zauna fursuna har ƙarshen yaƙi, daga baya ya zama babban lauya a ƙasarsu. Akin Shenbanjo, ɗan Najeriya, mai rediyo ne cikin jirgin da ake kira Halifax, ya samu lambar girma a 1944.

YADDA DARE KE WUCEWA

Da la'asar akan tara su cikin ɗaki a rufe ƙofa. A jaye labule daga bisa taswira, kowa ya ga jan zaren da ke nuna garin da za a tafi. In zaren ya miƙe har Balin, babban birnin Jamus, sai ɗaki ya yi tsit. Tafiyar ta kai kilomita 900, kamar daga Yamai zuwa Damagaram, kuma dole a je a dawo cikin dare ɗaya, awa 7 ko 8 a sama. Kafin su tashi akan ba su ƙwai su ci, abin da sauran mutanen Ingila ba su cika samu ba a lokacin yaƙi. Da yawa sukan bar wasiƙa, wadda za a aika ma iyaye in ba su dawo ba.

Jirgi yakan hau sama har kilomita 6. A can iska ba ta isa numfashi, sai an sa abin shaƙa a hanci da baki. Sanyi kuwa ya fi ƙarfin misali. Ruwa yakan daskare nan take, kuma in mutum ya taɓa ƙarfe ba safar hannu, fatarsa ta manne.

Jamusawa ba barci suke ba. Suna da na'urar da ke gano jirgi cikin duhu, ana ce mata rada. Suna da manyan fitilu masu haska sama. In fitila ɗaya ta kama jirgi, sai sauran su taru a kansa, igwa ta yi ta bugu. Suna da ƙananan jirage masu farauta da dare, waɗanda ke laɓaɓowa ta ƙarƙashi, inda ba mai ganinsu, su harbi wurin da mai yake. Mafi muni shi ne lokacin sakin bom. Dole matuƙi ya riƙe jirgi miƙe, ba kaucewa dama ko hagu, har mai sakin bom ya gama. Kowa yana da laimar sauka, amma ƙofar fita ƙarama ce. In aka harbo Lancaster, cikin mutum 100 wajen 15 ne ke samun fita da rai.

Ga lissafin. Mutum wajen 125,000 ne suka yi aiki cikin jiragen bom na rundunar Ingila. An kashe 55,573. Wato cikin kowane 100, mutum 44 ba su ga ƙarshen yaƙi ba. Wasu 9,838 sun zama fursunoni. Fiye da 8,000 cikin mamatan, wajen koyo ko cikin haɗari suka mutu, ba a wajen kai hari ba. A dare ɗaya kaɗai, ran 30 ga Maris na 1944, jirage 795 suka tafi garin Nurembag, 95 ba su dawo ba.

Ƙa'ida ita ce mutum ya kai hari sau 30, sa'annan a ba shi hutu, ya tafi koyar da sababbi. Akwai lokacin da mafi yawansu ba su kai 30 ɗin. Da safe a ga gadaje ba kowa, a kwashe kayan masu su, kafin dare an kawo wasu. Tsoro kuwa kowa yana ji. Amma wanda ya ce ya kasa, akan cire masa muƙami, a rubuta a takardarsa cewa ba shi da zuciya, a kai shi aikin shara. Mafi yawa sun ci gaba da shiga jirgi don kada su bar abokansu 6 su tafi da baƙo. Tsoro na daji, kunya na gida.

MUTANEN DA KE ƘASA

Bom ɗin nan bisa mutane yake faɗuwa, kuma dole a faɗi wannan. Jiragen Jamus sun riga sun yi ma Landan da wasu garuruwan Ingila ruwan wuta a 1940 da 1941, suka kashe fiye da mutum 40,000. Ingila ta tashi ramuwa. Da farko niyya ita ce a bugi ma'aikatun makamai da tashoshin jirgin ƙasa. Amma a 1941 aka bincika hotunan da jirage ke ɗaukowa, aka tarar cikin jirage 3 da suka ce sun bugi wurin da aka aike su, ɗaya ne kawai ya kusance shi da kilomita 8. Daga sama, cikin duhu, ba a iya samun gida ɗaya. Abin da ake iya samu shi ne gari.

Saboda haka a 1942 aka sake umurni. Aka ce a bugi gari gaba ɗaya, har da unguwannin ma'aikata. Shugaban rundunar, Arthur Harris, ya riƙe wannan hanya da ƙarfi. A ƙarshen watan Mayu na 1942 jirage fiye da 1,000 suka faɗa ma garin Kolon a dare ɗaya. A watan Yuli na 1943 aka ƙone Hambug. Wutar ta haɗu ta zama guguwa, ta shanye iskar da mutane ke shaƙa cikin ramukan ɓuya, mutum wajen 40,000 suka mutu. A watan Fabrairu na 1945 aka ƙone Diresdin, mutum wajen 25,000 suka mutu. Da yawa cikinsu mata ne da yara da tsofaffi, don mazan suna fagen fama.

Samarin da ke sama ba su ga ko ɗaya daga cikin mutanen nan ba. Daga kilomita 6, gari mai ƙonewa kamar wutar daji ce da aka hango daga nesa da dare. Ja ne kawai da hayaƙi. Wanda ya hango wutar daji daga nesa ba ya jin kukan dabbar da ta rutsa da ita.

CESHA YA KOYI AIKI

An haifi Cesha ran 7 ga Satumba na 1917. Ubansa babban malamin shari'a ne a jami'ar Okusfod, shi ma can ya yi karatun shari'a. Yana saurayi ba a san shi da natsuwa ba. Mai son gudu da mota ne, da shagali, da cin bashi. Tun yana jami'a ya fara koyon tuƙin jirgi.

A watan Yuni na 1940 aka kai shi rukuni na 102, masu jirgin da ake kira Whitley, mai inji 2 da mutum 5. Aka sa shi ƙarƙashin wani matuƙi ɗan Niyu Zilan mai suna Long. Long bai raga masa ba. Ya sa shi ya san kowane lungu na jirgi, har ya riƙa ɗaure masa idanu da ƙyalle yana lalubar kowane maɓalli da hannu, don ranar da hayaƙi zai cika jirgi. Ya sa shi ya koyi aikin kowane mutum da ke ciki. Ya kuma koya masa ya san makanikan da ke gyaran jirgi a ƙasa, cikin ruwa da sanyi, ya san damuwarsu, don ran kowa yana hannunsu. An kashe Long a 1941, amma abin da ya koyar bai mutu ba.

Ranar gwaji ta zo a watan Nuwamba na 1940. Cesha ya riga ya zama madugu. Suna kusa da Kolon sai igwa ta same su. Wata fitilar haska ƙasa da ke cikin jirgin ta fashe, ta yage gefensa wajen mita 3, wuta ta tashi. Mai rediyo ya ƙone a fuska, ba ya gani. Sauran suka kashe wutar. Cesha ya riƙe jirgin, ya saki bom bisa tashar jirgin ƙasa, ya juyo da shi a yage har Ingila, ya sauke mutanensa duka da rai. Aka ba shi lambar girma ta farko. Shekararsa 23.

A watan Agusta na 1941 aka harbo jirgin ƙanensa Christopher a harin Balin, ya zama fursuna. Shi kuwa ya ci gaba. A 1942 aka ba shi shugabancin rukuni na 76, masu jirgin Halifax, a lokacin da ake kashe su da yawa. Ya lura jirgin ya cika nauyi, ba ya hawa sama sosai. Ya sa aka rage masa wasu kaya don ya yi sauƙi. Ya haddace sunan mutanen sansanin, har masu tuƙin mota da masu dafa abinci. In za a tafi wuri mai haɗari, yakan sa sunansa cikin masu tafiya, ko da muƙaminsa ya ba shi damar zama.

A watan Maris na 1943 aka ɗaga shi zuwa muƙami daidai da kanar. Shekararsa 25, ba wanda ya kai shi ƙuruciya a wannan daraja cikin sojan saman Ingila. Amma aikin na ofis ne. Bai ji daɗinsa ba. Ya yarda aka rage masa girma da daraja ɗaya don ya koma tuƙi. A watan Nuwamba na 1943 ya karɓi rukuni na 617, wanda ya yi suna wajen fasa manyan madatsun ruwa na Jamus.

YA SAUKO ƘASA-ƘASA

A nan ne ya ɗauki matsalar da ta dami kowa, wato yadda za a sami wurin da aka nufa. Dabarar da ake yi ita ce wasu jirage su riga zuwa, su saki wuta mai launi don ta zama alama, sauran su zuba bom bisa alamar. Amma in an saki alamar daga can sama, iska takan kai ta wani wuri. Cesha ya ce sai an sauko ƙasa-ƙasa, a ga rufin da ido, a aza alama a kansa. Manya suka ce wannan kashe kai ne. Ya ce a bar shi ya gwada da kansa.

An gwada a garin Limoj na Faransa, daren 8 ga Fabrairu na 1944. A lokacin Faransa tana hannun Jamus, kuma akwai wata ma'aikata a garin da ke ƙera ma Jamusawa injin jirgin sama. Cikinta akwai ɗaruruwan ma'aikata Faransawa masu aikin dare, yawancinsu mata, ga gidajen mutane kewaye. Cesha ya sauko da babban jirginsa dab da rufin ma'aikatar, ya wuce da ƙara. Ya juyo ya sake wucewa. Ya sake na uku. Ma'aikatan suka gane, suka fita a guje. Sai a zuwa na huɗu ya saki alama a tsakiyar rufin. Jiragen da ke sama suka zuba bom ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatar ta rushe, mutanen kuwa kusan duka suka tsira. Kowane wucewa da ya yi, ya ba masu igwa lokacin shiri, kuma ransa da na abokansa ya sa a ciki.

Amma kada mai karatu ya ɗauka cewa saukowar nan kullum ceto take kawowa. A watan Afrilu na 1944 ya yi irin wannan aiki a Munik, cikin Jamus, da ƙaramin jirgi na katako mai suna Mosquito, wato sauro. Ya ratsa wutar igwa, ya sauko har wajen mita 200, ya aza alama a tsakiyar birni. Saboda alamar ta zauna daidai, bom ya faɗi daidai, tsakiyar Munik ta ƙone. Dabarar da ta fid da matan Limoj ita ce ta ƙara ma mutanen Munik wuta.

A watan Yuli na 1944 ya cika hari 100. Shugabanni suka hana shi sake tafiya. Aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumtaka mafi girma a Ingila. Galibi akan ba da ita don aikin rana ɗaya. Tasa an ba shi ne don shekara 4 da ya yi yana komawa.

Saura abu ɗaya. Ran 9 ga Agusta na 1945 Amurka ta jefa bom ɗin nukiliya bisa Nagasaki, a Japan. Ingila ta aika mutum 2 su zama shaida, Cesha yana ciki. Yana cikin wani jirgi dabam, mai ɗaukar hoto. Daga nesa ya ga haske, ya ga hayaƙi ya tashi kamar dutse har ya wuce tsayin jirginsu. Jirgi ɗaya, bom ɗaya, kafin ƙarshen shekarar mutum wajen 70,000 sun mutu. Bayan kwana 6 Japan ta ba da gari.

BAƘO A ƘOFAR GIDA

Cesha ya bar soja a farkon 1946, jikinsa da hankalinsa a gajiye. Shekararsa 28, kuma aikin da ya iya ya ƙare. Ya tara tsofaffin sojoji da iyalansu don su zauna wuri ɗaya, su yi noma da sana'a tare, su raba abin da aka samu. Abin bai yi ba. Mutane suka watse, suka bar shi da bashi mai yawa da wani babban gida mai suna Le Court, a kudancin Ingila, ba kowa ciki.

A watan Mayu na 1948 aka aiko masa daga wani asibiti. Akwai wani mutum, Arthur Dykes, tsohon sojan sama, ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna tare da shi. Ciwon daji ya ci ƙarfinsa, likita ya ce ba magani, asibiti kuma yana bukatar gadon. Ba shi da inda za shi. Cesha ya nema masa wuri ko'ina, bai samu ba. Sai ya ɗauko shi ya kawo shi gidansa.

Bai san kome ba game da jinya. Ya koya kamar yadda ya koyi jirgi, abu ɗaya bayan ɗaya: yadda ake juya majinyaci, yadda ake yi masa wanka a kwance, yadda ake sake shimfiɗa, yadda ake fid da bayan gida. Mutumin da sarkin Ingila ya maƙala ma lambar girma shi ne ke wanke tasa da dare. Suna hira har tsakar dare. Dykes ya rasu a watan Agusta na wannan shekara, Cesha yana zaune kusa da shi. Dykes ɗan Katolika ne, kuma natsuwar da ya mutu da ita ta sa Cesha ya shiga wannan ɗarika a ƙarshen 1948.

Tun kafin nan an kawo masa wata tsohuwa da ta haura shekara 90, ba mai kula da ita. Sai wani, sai wata. Bai yi shela ba, labari ne ya bazu cewa akwai gidan da ba a korar kowa. Kafin shekara ta kewayo da ƴan watanni, mutum fiye da 20 ke kwance a gidan, wasu da tarin fuka, wasu shanyayyu. Masu ɗan ƙarfi suna taimakon marasa ƙarfi, kowa da aikinsa. A 1952 tarin fuka ya kama shi shi ma. Ya yi wajen shekara 2 a asibiti, aka cire masa huhu ɗaya. Daga kan gado ya ci gaba da shirya aiki.

Gidaje suka yawaita a Ingila. A tsakiyar shekarun 1950 ya tafi Indiya ya buɗe na farko a waje, a Bombai. Daga nan suka iso Afirka: Ibadan da Legas a Najeriya, Kumasi a Gana, Khartum a Sudan, da Habasha, da Saliyo. Ƙa'idarsa ita ce mutanen kowane gari su riƙe gidansu da kansu, kuma a karɓi mutum ba tare da duban addininsa ba. A 1959 ya auri Sue Ryder, wadda ita ma ta ba da rayuwarta ga taimakon waɗanda yaƙi ya tagayyara. Lokacin da ya rasu, ran 31 ga Yuli na 1992, akwai gidaje wajen 270 masu sunansa cikin ƙasashe 49.

TUBA NE KO BA TUBA BA?

Mutane da yawa sun ce abin da ya gani a Nagasaki ne ya sa shi tuba, jinyar kuma kaffara ce. Labarin yana da daɗin ji, amma shi da kansa bai yarda da shi ba. Har ƙarshen ransa yana kan cewa yaƙi da Hitila dole ne, kuma abokansa da suka mutu ba su mutu a banza ba. Bayan yaƙi, manyan Ingila sun ji nauyin abin da aka yi ma garuruwan Jamus, suka kau da kai daga rundunar jiragen bom. Sai a 2012 aka gina ma mamatanta babban wurin tunawa a Landan. Cesha bai kau da kai ba. Wata 2 kafin rasuwarsa, ciwon jijiya ya riga ya cinye shi, likitoci sun hana shi fita, amma ya je bikin buɗe mutum-mutumin Harris, inda wasu suka taru suna ihun ƙin yarda.

Saboda haka masu hukunci sun rabu biyu. Wasu suna duban gidajen naƙasassu, su ce mutumin kirki ne. Wasu suna duban Kolon da Munik, su ce alherin da aka yi daga baya ba ya ta da wanda ya ƙone. Duka biyu gaskiya suka faɗa, kuma ɗaya ba ta share ɗaya.

Abin da ya fito fili cikin rayuwarsa shi ne halinsa bai sake ba. Tun ran da Long ya ɗaure masa idanu, ya koyi cewa duk wanda aka sa a hannunka amana ne, sai ka san sunansa, ka san ciwonsa. Ya riƙe wannan ga mutum 6 da ke bayansa cikin jirgi. Ya riƙe shi ga makanikai da masu dafa abinci. Mutanen da ke ƙarƙashin bom kuwa ba su da suna a wurinsa, don nisa ya ɓoye su. A Limoj, da ya san su wane ne ke ƙarƙashin rufin, ya sauko ya ba su lokacin gudu. A Le Court ba sauran nisa ko kaɗan, majinyaci yana gabansa, yana jin numfashinsa. Gani ya kori ji.

Yau nisan ya ƙaru. Akwai jiragen yaƙi marasa matuƙi, wanda ke sarrafa su yana zaune cikin ɗaki, wani lokaci a wata ƙasa dabam, yana duban allo. Shi ba ya jin sanyi, igwa ba ta samunsa, da yamma ya koma gida ya ci abinci da ɗiyansa. Samarin Lancaster aƙalla sun sa ransu cikin abin da suke yi, kusan rabinsu suka biya da shi. Amma ko a jiya ko a yau, wanda ke ƙasa bai sake ba. Manomi ne a gonarsa, ko mace a bakin rijiya, ko yaro bayan garke, kuma kowannensu yana da suna.